Sunana a Kan Farin Dutse

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Griselda ce ta aiko littafin nan daga birnin Quito, wai in riƙa rubuta abin da ke faruwa da mahaifiyarta kowace rana, likita zai so ya gani. Ba abin da ke faruwa. Amma tunda 'yata ta saya, ba zan bar shi ya sha ƙura ba.

Ni ba mutumin alƙalami ba ne. Aji uku na yi a sakandaren dare, sauran karatun a bakin tanderu na yi shi. Da takalmin aro na shigo garin nan na Ambato, yau gidan burodina ƙofa uku ne, kuma ba wanda ya taɓa ba ni ko mudun fulawa kyauta. Mai shakka ya tambayi unguwa wane ne Eudoro Naranjo.

Hermelinda, matata, ta ci abinci. Ta zuba gishiri a kofinta, ta shanye tas kamar sukari ne. Gajiya ce. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da 'ya'yan mutane ai dole ta gaji.

Kwaɓi ya tashi da kyau.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na hau sama shan kofi, na tarar ta jera kujerun falo layi biyu, ta tsaya gabansu da muciya a hannu. Ta sa rigar nan mai ruwan toka da take zuwa makaranta da ita. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Naranjo, ka makara. Wuce baya. Kuma ka karkaɗe fulawar nan, nan aji ne ba tanderu ba."

Haka take ce mini a wancan zamani, ina saurayi ina gyangyaɗi a bencin baya, ita tana malamar nahawu a makarantar dare. Sai na zauna. To me zan yi?

Darasin da na sani ne. "Yadda mutum ke zama wani abu ba iri ɗaya ba ne, yara. Harshenmu ya raba shi huɗu, kada ku haɗa. Ponerse na ɗan lokaci ne, kamar fuska ta yi ja don kunya, anjima ta koma. Volverse ba kai ka kira shi ba, zuwa yake ya sauya maka hali ya zauna. Hacerse da hannunka ne da guminka. Quedarse kuwa shi ne yadda aka bar ka bayan an ɗauke maka wani abu: ido, ko kunne, ko miji."

Ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba. Mai irin wannan kai ce za a ce mini wai wani abu.

Ta ce in ba da misali. Na ba da wanda na ba ta tun ina da gashi: me hice panadero, na mai da kaina mai burodi. Ta ce, "Daidai ne. Amma rage murya, ba kai kaɗai ka taɓa yin gumi ba." Sai da na yi dariya.

Da rana ta tambaye ni wa ya hargitsa mata kujeru.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da almuru

Yau ta kira ni tsohona, kamar yadda take kirana tun ba mu san furfura ba. Na ce na'am, tsohuwata. Kwaɓi ya tashi.

Asabar, 12 ga Oktoba, da rana

Griselda ta buga waya. Ba gaisuwa mai tsawo, halin uwarta.

"Baba, jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta mutu."

"Muryarku ɗaya ce."

"Akwai gidan sistocin coci masu kula da tsofaffi kusa da wurin aikina. Da lambu, da masu jinya. Kullum zan gan ta."

"Tana da gida."

"Zan zo hutun Ranar Matattu in gani da idona. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka: ranar da ta daina gane ka, zan tafi da ita."

Na ce ta gaishe da mijinta. Yarinyar da na goya a bayana ina kwaɓi, yau ita ke yanka mini wa'adi.

Labari mai daɗi: Telmo, uban baftismar Griselda, shi ya sa muke ce wa juna kompadre, mai sassaƙar duwatsu a bakin maƙabarta, ya aiko cewa aikina ya kammala. Gobe bayan coci zan kai Hermelinda ta gani.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da yamma

Mun je.

Mahaifina da ya mutu, a ramin bangon maƙabarta aka zura shi, can sama, kamar yadda nake zura faranti a tanderu. Sai da tsani ake kai masa fure. Tun ranar na rantse ni ba za a zura ni ba. Manyan garin nan duk sun gina kaburburansu tun suna da rai, ni ma na gina nawa a layinsu: farin dutse, ƙofar ƙarfe, mala'ika a sama. Telmo ya sassaƙa sunana da ruwan zinariya, da shekarar haihuwata, da ɗan fili a gefe na jiran ɗayar. A ƙasa, abin da na ce ya rubuta: Se hizo solo. Shi ya yi kansa da kansa. Gefen Hermelinda babu rubutu, don tun da daɗewa ta ce ba za ta karanta sunanta a dutse tana numfashi ba.

Telmo ya ce, "Kompadre, komai ya yi. Saura ka mutu kawai."

"Kai za ka riga ni, da wannan tarin naka."

"To wa zai cike maka filin? Sai dai ka kwanta ba kwanan wata, kamar burodin jiya."

Hermelinda ba ta yi dariya ba. Ta matsa ta sa yatsa tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar tana duba jarrabawa. Ta daɗe. Ta yi alamar gicciye. Na ga hawaye, na ce a raina aikin ne ya burge ta.

Da za mu fita na miƙa mata hannu kamar kullum. Hannun Telmo ta kama. Na ji tana ce masa a hankali, "Ba wanda ya gaya mini, kompadre."

Rana ce ta buge ta.

Litinin, 14 ga Oktoba, da safe

A ɗakin fulawa na kwana. Bayana ke ciwo, katako ya fi mini katifa.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Ta sauko shago cikin baƙaƙen kaya tun daga mayafi har safa. Shago cike. Doña Clemencia mai sayar da furanni ta ajiye kwandonta.

"Malama, wa aka rasa?"

"Mijina."

Ina tsaye a bayan kanta, hannuna cikin takardar naɗe burodi. Na ce wasa take, tun jiya muke wannan wasan. Hermelinda ta juyo ta dube ni, kallon da ake wa wanda ya tsoma baki a zancen da ba nasa ba.

"Malam, ka sallami mutane suna jira."

Na sallame su.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Na kai mata hoton aurenmu. Ta rungume shi. Na ce dubi hancin, dubi girar, dubi nan, ni ne. Ta ce, "Wannan mijina ne. Kai kuwa dattijo ne, ka ji kunya mana."

Na kawo katin shaidata. Na cire zobe na nuna mata sunanta a ciki. Ta ce a ina na samo zoben mamaci.

Ban taɓa ta ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce: ban taɓa ta ba. Tebur na buga. Farantin da kansa ya faɗi.

Ta kulle ƙofa. Na ji tana jan kujera tana tokarewa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi

Kwaɓi ya tashi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Na je wurin Telmo na ce ya ɓamɓare dutsen. Bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi ba'ar ciwo. Ya ce, "Kompadre, sassaƙawa aka yi a kanta yanzu, ba a dutse ba." Na ce ni ban tambaye shi wa'azi ba.

Ya cire, ya jingine a shagonsa ya rufe da buhu. Shi ya je ya ɗauko Hermelinda, don ba za ta shiga mota da ni ba. Na tsaya a gefen kabarin cikin kwat ɗina mai kyau, don ta ga ramin babu kowa, ta gan ni a tsaye.

Ban san tana da irin wannan murya ba. Ta durƙusa tana dukan siminti, wai ɓarayi sun sace mijinta, ko mutuwar ma ba a bar shi ya huta ba. Masu share kaburbura suka taru. Mai gadi ya zo. Sai da Telmo ya rantse mata da Uwar Yesu cewa wankewa ya kai dutsen, kafin rana ta faɗi zai mayar.

Ya mayar.

Litinin, 21 ga Oktoba, da rana

Likita. Ya faɗi kalmarsa, sunan ciwon, ba zan rubuta ta ba. Wai kada a yi mata gardama, duk inda hankalinta ya tafi a bi ta a hankali. Na ce to in ta ce na mutu sai in kwanta? Ya ce, "Don Eudoro, wanne ka fi so, ta yarda da kai ko ta yi barci?" Yaro ne. Ana haihuwarsa ina gasa burodi.

Griselda ta kira. Na ce lafiya lau, tana barci. Ta ce kullum barci take in na kira? Na ce tsufa ke nan.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Doña Clemencia ba za ta ƙara cin burodina ba. Na ji ta a bakin ƙofa tana gaya wa wata zancen matata, da volverse ta faɗa, da kalmar da ke bin sa, wadda ake jifan mahaukata da ita. Na fito na karɓe burodin daga kwandonta. Na ce matata ta koyar da 'ya'yanki huɗu, ba ɗaya da ya fita da kai, kuma ba laifinta ba ne.

Ni in an tambaye ni, ponerse nake cewa. Na ɗan lokaci. Kamar fuska ta yi ja, anjima ta koma. Ita ta koya mini bambancin, ba zan bari mai furanni ta zaɓa mata kalma ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi

An fara jariran burodi, masu siffar jariri a zani, na Ranar Matattu da kowa ke ziyartar nasa a maƙabarta. Oda ta yi yawa bana, makarantu da ofisoshi. Tun da muka buɗe gidan nan ni ke naɗe jikinsu, ita ke zana musu fuska da sukari mai launi. Na ɗauka bana sai in nemi wata. Ina cikin jera faranti sai ga ta ta sauko, ta ɗaura atamfar aiki a kan baƙaƙen kayan, ta zauna a kujerarta.

Hannun bai manta komai ba. Ido, baki, ɗan zanen zani ja da kore da rawaya.

Ta tsaya tana kallon yadda nake murza kwaɓi.

"Mijina ne ya koya maka?"

Na ci gaba da murzawa.

"Hannunka irin nasa ne. Sai dai shi ya fi ka sauri."

Na buɗe baki, na ga yadda kafaɗarta ta ɗaga tana jira, kamar mai jiran duka. Na rufe. Mun yi aiki har rana ta take. Rabon da ta zauna kusa da ni haka tun ranar dutse.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru da safe ba.

Telmo ya kawo ta a tasi. Takalmi ɗaya. Ya ce shara ya tarar tana yi a gaban kabarin, da hannu. Titin nan na manyan motoci ta tsallaka, Allah kaɗai ya san yadda aka yi.

Na wanke mata ƙafa? A'a. Matar Telmo ce ta wanke. Ni ruwan zafi na kai bakin ƙofa na ajiye.

Wannan littafi ba likitan da zai gan shi. Griselda ma haka.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da rana

Ban je coci ba. Kowa zai tambaya.

Talata, 29 ga Oktoba, da almuru

Na sake gwadawa ta bayan ƙofa. Da lallashi na fara. Na tuna mata ɗakin hayarmu na farko, da ruwan da ke zuba kan gado, da ranar da tanderun farko ya tsage muka zauna muna cin ƙonannen burodi muna dariya. Na ce wa zai san wannan in ba ni ba? Tsohuwata, buɗe.

Ta ce in na ƙara kiranta da wannan sunan za ta kira 'yan sanda.

Daga nan murya ta ɗaga. Tawa.

Laraba, 30 ga Oktoba, da rana

Cikin jariran yau ta ware guda, babba. Ta yi masa gira mai kauri da gashin baki, da ɗan tabon nan na haɓa inda ƙofar tanderu ta taɓa ƙona ni. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta hau da shi sama.

Tabon yana nan a haɓata. Ta zana shi ina zaune gabanta.

Kwaɓi ya tashi. Me ya dame shi?

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Griselda ta iso da babbar jaka, kuma da na ɗaga na ji ba komai a ciki.

Uwar ta gane ta. Suka rungume juna, ta ce, "Kin zo wa mahaifinki." Griselda ta dube ni ta saman kafaɗarta. Ban san inda zan sa idona ba.

Suka dama kunun matattu tare, garin baƙar masara da 'ya'yan itacen mortiño da abarba da kirfa da ganyen lemo. Ƙanshin ya cika gida kamar kowace shekara. Ni ina ƙasa. Griselda ta sauko neman sukari, ta buɗe ɗakin fulawa, ta ga bargo da matashi da rezata a kan buhu.

"Tun yaushe?"

"Bayana ne."

"Baba, ni ba kwastoma ba ce. Matar kompadre Telmo ta gaya mini komai. Har takalmin."

Na ce gidana ne, matata ce, ban taɓa neman taimakon kowa ba kuma ba yau zan fara ba.

"Tsoronka take ji. In ta ji takunka a matakala jikinta rawa yake. Kana so in bar ta da mutumin da take tokare wa ƙofa?"

"Ni mijinta ne."

"Na sani. Ita ce ba ta sani ba, kuma ihu ba zai sanar da ita ba. Gobe mu kai ta maƙabarta, jibi mu hau mota."

Ina jin ta a sama tana buɗe durowa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, Ranar Matattu, da yamma

Zan rubuta shi duka, sau ɗaya.

Na sa kwat da hula, na tsaya a ƙasan matakala. Na shirya maganata. Na ce yau a gaban dutsen, a gaban 'yarta, zan faɗa mata ta ƙarshe, ko ta ji ko ta ƙi. Suka sauko, ita da jaririn nan mai gashin baki a ƙirji, Griselda da furanni. Tukunyar kunun na kan tebur, babba, ba wadda za ta iya ɗauka a cikinsu.

Hermelinda ta gan ni ta ja baya, ta laɓe a bayan 'yarta. Kwat ɗin take kallo.

"Kayan mijina ne."

Griselda ta tsaya tsakaninmu. Jakar na bayanta a saman matakala, a cike, a zuge.

Na shiga ɗakin fulawa. Na cire kwat, na cire hula, na cire zobe na sa a aljihu. Na ɗaura atamfar aiki, wadda duk fulawa ta ci. Na fito na ɗauki tukunyar.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yauwa. Ka bi mu a baya, Malam, kada ka zubar."

Haka muka ratsa gari. Ni, Eudoro Naranjo, mai ƙofa uku, da atamfa da tukunya a bayan mata biyu kamar ɗan dako. Mutanen da ke cire mini hula suka rasa abin yi da hannuwansu. Doña Clemencia na bakin maƙabarta da bokitan furanninta. Ta sunkuyar da kai. Gara da ta yi dariya.

Ciki ba masaka tsinke. Masu tsani, masu fenti, masu jita ana biyansu su yi wa matattu waƙa, kowane dangi zaune gaban nasu suna ci. Telmo na jiranmu.

"Kompadre, shekara da shekaru ina aikin nan, yau na ga mamacin da ya ɗauko kununsa da kansa."

Ya ga fuskata, ya karɓi kunnen tukunyar ɗaya.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a gaban dutsen. Ta jingina jaririn a ƙarƙashin sunana. Ta cika kofi ta ajiye masa, ta zauna ta fara hira, kamar yadda kowa ke yi da nasa.

"Tsohona, ga kununka. Na rage sukari, kada ka yi mita. Ka tafi ba sallama, halinka ke nan, komai sai ka yi kai kaɗai. Dubi abin da ka sa aka rubuta. Da kanka? Wa ya riƙe maka fitila ranar da kuka gina tanderu? Wa ya koya maka sa hannu ba ka fito da harshe ba? Ba komai. Na bar maka, ka ji daɗinka." Ta goge ƙura daga harafin farko da bakin mayafinta. "Gadon ya yi faɗi. Ba na barci. Akwai wani da ke zuwa ƙofa."

Ina tsaye, ludayi a hannuna.

Griselda ta durƙusa kusa da ita. "Mama, gobe za mu tafi Quito. Ki zauna kusa da ni."

"In bar mahaifinki? Wa zai share masa? Bai san kowa a layin nan ba, duk masu kuɗin gado ne, ba za su kula shi ba."

"To wa zai kula da ke? Ba zan bar ki cikin tsoro ba."

Sai Hermelinda ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana kallo, irin kallon aji.

"Kai ne mai zuwa ƙofata kana ihu wai kai mijina ne?"

Griselda ta zuba mini ido. Telmo ya juya yana kallon mala'ikan. Maganar da na shirya tana nan a bakina, ga dutsen, ga filin da ba kwanan wata, yatsa kawai zan nuna.

Na ce, "Ni ne, Malama. Kuskure na yi, ki yafe mini. Ba za a ƙara ba. Ni ma'aikacinsa ne. Kafin ya tafi ya roƙe ni in kula da ke."

"Ya roƙe ka?"

"Ya roƙe ni."

"Eudoro bai taɓa roƙon kowa komai ba."

"Wannan karon ya roƙa."

Ta juya ga dutsen. Ta ce, "Ashe ka tuna da ni." Sannan ta ɗauki wani kofi ta miƙo mini in cika, na cika, ta mayar mini da shi.

"Zauna ka sha. Ka sha kaya. Griselda, ba shi burodi. Kin ji ai, mahaifinki ya bar mini mutum. Ba inda za ni."

Na zauna a gaban kabarina na sha kunu. Ta rage sukarin da gaske.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Griselda ta zazzage jakar. Sharuɗɗa ta kafa mini kamar ɗan haya: mace za ta riƙa zuwa da rana, a sa wa ƙofar titi sakata ta sama, duk Lahadi ni zan raka ta maƙabarta. In na ɗaga murya sau ɗaya, ko na ƙara ce wa uwarta ni ne mijinta, za ta dawo da jakar. Zuwa Kirsimeti za ta sake dubawa.

Na ce to. Ni da ba na ce wa kowa to.

A tasha ta rungume ni ta ce, "Baba." Ta maimaita. Ina jin don in ji wani ya faɗa ne.

Telmo ya ce ko ya goge layin ƙasan sunana a dutsen, ba zai karɓi komai ba. Na ce ya bar shi. Ta riga ta ce ta bar wa mai shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Na kai mata kofi da hantsi, na ƙwanƙwasa, na jira aka ce in shigo. Kujeru layi biyu. Ta ce sabon ɗalibi ya zauna a gaba. Darasin nan dai. Ta ce in ba da misalin quedarse. Na ce ban shirya ba, Malama. Ta ce in zo da shi gobe.

Da na tashi kwashe kofi ta ce, "Ban tambayi sunanka ba."

"Eudoro."

"Sunan mijina ke nan." Ta yi murmushi, na farko tun ranar dutse. "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Ka riƙe sunan da kyau."

Na ce zan yi ƙoƙari.

Yanzu na duba sakata, na hau sama. Ba ta tokare ƙofarta ba, a buɗe ma ta bar ta kaɗan. Ina jin numfashinta, barci take. Na tsaya a bakin ƙofa, sannan na sauko ɗakin fulawa.

Kwaɓi ya tashi.